Waiwaye: Yadda Mazan Tsaunukan Sikotland Suka Zama Jaruman Littattafan Soyayya

An ɗauki shekaru ana ja-in-ja a Sikotland a kan wani nau'in littattafan soyayya da shirye-shiryen talabijin da aka ciro daga cikinsu. Zubin labarin kusan ɗaya ne: mace 'yar wannan zamani ta taɓa wani tsohon dutse ko ta shiga wani kango, sai ta tsinci kanta a ƙarni na 18 cikin tsaunukan arewacin ƙasar. A can take haɗuwa da jarumi mai takobi, ɗaure da zanen nan mai ratsi-ratsi da ke tsayawa a gwiwa, wanda ake kira kilt. Masu ƙorafi na cewa an mayar da wahalar kakanninsu abin nishaɗi, har baƙi na zuwa filin yaƙin Culloden, inda aka murƙushe boren 1745, suna ɗaukar hoto cikin raha, alhali wurin maƙabarta ce. Masu karewa kuwa na nuni da kuɗin da baƙin ke kawo wa ƙauyukan da sana'a ta yi wa ƙaranci, da kuma 'yan ƙasashen waje da suka soma koyon harshen Galik, yaren gado na mutanen tsaunukan, saboda labaran.

Yawancin masu muhawarar daga 1991 suke fara lissafi, shekarar da Ba'amurkiya Diana Gabaldon ta fitar da Outlander, labarin wata ma'aikaciyar jinya da ta bar shekarun ƙarshen yaƙin duniya na biyu ta faɗa 1743. Wasu kuma daga 2014 suke farawa, lokacin da aka soma nuna shi a talabijin. Tabbas baƙi sun ƙaru bayan haka. Masu ziyartar tsohuwar fadar Doune, inda aka ɗauki wani sashe na shirin, sun ninka fiye da sau uku cikin shekara biyar, kuma ƙasar da ke kewaye da dutsen tunawa da zuri'ar Fraser, wato zuri'ar jarumin labarin, a Culloden ta zaizaye saboda yawan sawu. Sai dai marubutan wannan zamani a shirye suka tarar da komai: jarumin, da kayan jikinsa, da kwarurukan da babu kowa a cikinsu, har ma da masu karatun.

Farkon labarin sananne ne. A 1707 Sikotland da Ingila suka haɗe ƙarƙashin majalisa ɗaya. Magoya bayan gidan sarautar Stuart, da aka raba da karaga, sun yi bore a 1715, suka sake yi a 1745 ƙarƙashin Yarima Charles Edward Stuart. Ranar 16 ga Afrilu 1746 aka murƙushe su a Culloden, kusa da garin Inverness, a yaƙin da bai kai awa ɗaya ba. Akwai 'yan Sikotland a ɓangarorin biyu, har da mutanen tsaunuka a cikin rundunar gwamnati, abin da ba a cika kawowa ba idan ana ba da labarin a matsayin faɗan Ingila da Sikotland.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne wata doka da ta biyo bayan yaƙin, musamman ma togaciyar da ke cikinta. Dokar ta 1746, wadda ta fara aiki a watan Agusta 1747, ta hana maza da samari a Sikotland sanya tufafin mutanen tsaunuka. Wanda aka kama karon farko, ɗaurin wata shida. Karo na biyu, a tura shi gonakin mulkin mallaka a ƙetaren teku na shekara bakwai. Amma hanin bai shafi hafsoshi da sojojin da ke aiki a rundunar sarki ba. Wato makiyayin da ya gaji zanen daga mahaifinsa ba shi da ikon ɗaura shi ya bi shanunsa, amma idan ya shiga soja sai a ba shi sabo.

Kuma sun shiga, da yawansu. Talauci ya yi tsanani, wata dokar ta daban ta karɓe ikon shari'a daga hannun shugabannin zuri'o'i, ga Birtaniya tana neman mayaƙa domin yaƙin shekara bakwai da ya ɓarke a 1756. Misalin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Simon Fraser. An yanke wa mahaifinsa kai a Landan a 1747 saboda boren, shi kansa ya fita tare da 'yan boren, amma a 1757 ya tara wa sarki runduna guda ta mutanen tsaunuka. Rundunar ta yi yaƙi a Kibek ta ƙasar Kanada a 1759, kuma a 1774 aka mayar masa da filayen gidansu da aka ƙwace. Cikin shekara goma sha uku kacal, daga Culloden zuwa Kibek, kayan da ake gani a ce ga ɗan tawaye sun koma kayan da ake gani a ce ga sojan daular da ba ya ja da baya.

Shekara 35 hanin ya yi yana aiki kafin a soke shi a 1782. Wannan ya isa a haifi yaro ya girma ya yi iyali bai taɓa ganin mahaifinsa cikin kayan gado ba. Talakawa sun saba da wando, kuma da aka ɗage hanin mafi yawansu ba su koma ba. Waɗanda suka yi fafutukar soke dokar masu hali ne 'yan asalin yankin da ke zaune a Landan, kuma su da hafsoshin soja ne suka rungumi kayan a matsayin ado. Kilt ɗin da duniya ta sani a yau, mai tsararren ninki, ya samu siffarsa ne a barikin soja da masaƙun da ke ɗinka wa soja. Ko maganar cewa kowace zuri'a tana da nata zanen na musamman, a farkon ƙarni na 19 ta kafu. Saboda haka jarumin da mai karatu ke gani a bangon littafi, tsaye shi kaɗai da takobi, ya fi kama da sojan 1760 a kan manomin 1743, wanda yawancin ransa ya ƙare ne a kiwon baƙaƙen shanu, da noman ɗan abin da ƙasa mai duwatsu ta yarda ta bayar, da fargabar kuɗin haya.

A daidai waɗannan shekaru ne kuma mutanen da kansu suka soma barin ƙasar. Dangantakar shugaba da zuri'arsa ta koma ta mai fili da ɗan haya, kuma lissafi ya nuna tunkiya ta fi mutum kawo riba. A 1773 jirgin ruwan Hector ya tashi daga Loch Broom a arewa maso yammacin Sikotland da kusan mutum 190 zuwa Pictou a Nova Scotia ta Kanada, wasu suka mutu a hanya. Dubbai sun nufi yankin Cape Fear a Karolina ta Arewa da ke Amurka. Shekarar 1792 har yau masu jin Galik na kiranta shekarar tumaki: a lokacin ne manoman yankin Ross suka haɗu suka kora dubban tumaki domin fitar da su daga filayen kiwonsu, aka turo sojoji suka tsayar da su. Sojojin nan 'yan wata rundunar tsaunuka ne, masu ɗaura kilt. Korar mutane daga ƙauyukansu ta ci gaba har tsakiyar ƙarni na 19. Wannan shirun da ke cikin kwarurukan, wanda marubuta ke sifantawa da kyau, kuma da gaske yana da kyau, ba a haka Allah Ya bar wurin ba. A da akwai gidaje da gonaki da hayaƙin girki.

Daga nan sauran ya zo da sauri. A 1814 Walter Scott ya buga Waverley, labarin wani saurayi ɗan Ingila da ya shiga tsaunuka a lokacin boren 1745 yana kallon komai da idon baƙo. Matar da ke tsallaka zamani a littattafan yau matsayin wannan baƙon ta gada. A 1822 Sarki George na huɗu ya ziyarci Edinbara sanye da kilt. A 1852 gidan Sarauniya Victoria ya sayi Balmoral, wani gida da fili a cikin tsaunukan, zuwa tsaunuka ya zama yayi. Su kansu duwatsun da ke ɗauke da sunayen zuri'o'i a Culloden, a 1881 aka kafa su.

Ba abin mamaki ba ne da wannan nau'in labari ya fi karɓuwa a Amurka da Kanada. Miliyoyin mutane a can na danganta kansu da Sikotland, wasunsu jikokin waɗanda suka hau jiragen nan ne. Abin da ya iso hannunsu daga gida shi ne sunan zuri'a, da zane, da labarin wani yaƙi da aka sha kaye. Ina ganin begensu na gaskiya ne, kuma bai kamata a raina mai karatun da ke neman hanyar komawa wurin da kakanninta suka baro ba. Marubuci kuwa yakan zaɓi shekarun da ke gab da Culloden domin a nan ne ake da abokin gaba a fili, da ranar da kowa ya san tana tafe. Abin da ya biyo baya ya fi wuyar zama labarin soyayya: takardar ƙarin haya, da wa'adin tashi, da mai fili wanda sau da yawa sunan zuri'arsa ɗaya da na wanda yake kora.

Harshen da jaruman ke furta kalaman ƙauna da shi ma a wannan dogon zango ya yi rauni. Dokar ilimi ta 1872 ba ta tanadar wa Galik gurbi a makarantu ba. A ƙidayar 1891 masu magana da shi sun haura 250,000. A ta 2011 kimanin 57,000 ne. Waɗanda suka rage a yankin kuwa a kan ƙasa suka fi mayar da hankali. Sai a 1886 ƙananan manoma suka samu dokar da ta hana a tashe su haka kawai. A 1993 manoman yankin Assynt da ke cikin tsaunukan suka haɗa kuɗi suka sayi filayen da suke zaune a kai, mutanen tsibirin Eigg suka yi haka a 1997, kuma a 2003 majalisar Sikotland ta yi dokar da ta ba al'ummomin karkara damar sayen ƙasar da suke rayuwa a kanta.