Don Allah ku daina shan ruwan rafi a dajin Yukon

Daga tsakiyar watan Yuli zuwa ƙarshen Agusta na riga na san irin waɗanda za su riƙa shigo mana ɗakin duba marasa lafiya. Saurayi ne ko budurwa, ido ya faɗa, wando ya yi yawa, hannu dafe da ciki. Kafin a gama yi mini bayani sai in tambaya: kun shiga daji kwanan nan? Eh, mako biyu da suka wuce. Wane ruwa kuka sha? Sai a yi shiru, can a ce, "Anti, ai ruwan garai-garai ne, har duwatsun ƙasansa ana gani."

Wannan amsar na gaji da jin ta, wallahi. Bana ma har da ƙannenmu masu jin Hausa da ke karatu a biranen kudancin Kanada, shi ya sa na ce bari in rubuta da harshen da zai fi shiga kunne.

Ba hana ku zuwa Yukon, yankin nan na arewacin Kanada, nake yi ba. Ku zo. Wanda ya taɓa hawa kwale-kwale daga Whitehorse ya nufi Dawson, tafiyar da ta haura kilomita 700 a kan kogin Yukon, ko ya bi hanyar Dempster ya kwana a duwatsun Tombstone a watan Yuni, ƙarfe goma sha ɗaya na dare gari da haske kamar la'asar, ya san abin da Allah ya ajiye a wurin nan. Tafiya ce da abokai ke tunawa har tsufa. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda kuke shiri. Kuna sayen feshin korar beyar, kuna sayen maganin sauro da na'urar kira ta tauraron ɗan adam saboda babu sabis, duk daidai ne. Amma ruwan da za ku sha sau goma a rana, shi kuka bar wa sa'a. A wurin aikina ban fi ganin wanda beyar ta taɓa ba. Masu gudawa nake gani, kowace bazara, rukuni-rukuni.

Cutar sunanta jiyadiya. Mutanen nan suna ce mata zazzaɓin biba, wato dabbar nan mai sare itatuwa tana datse rafi da su. Ba ita kaɗai ke ɗauke da ƙwayar ba, karnuka ma suna ɗauka, haka sauran namun daji, haka matafiyan da suka riga ku sauka a wurin suka yi bahaya kusa da ruwa. Ƙwayar ba a ganinta da ido, ba ta da wari, ba ta canza ɗanɗano. Sanyin ruwan da kuke yabawa kuwa shi ke raya ta, don tana iya yin watanni a ruwan sanyi ba ta mutu ba. Kamar guda goma sun isa su kwantar da ƙato.

Kuma ba ta nuna kanta nan take, abin da ke ruɗin ku ke nan. Ka sha yau, gobe lafiya lau, jibi ma haka, sai ka ce wa abokanka kun gani, ba abin da ya same ni, su ma su bi sahu. Sai bayan mako ɗaya zuwa biyu, kun koma gida kuna ɗora hotuna a Instagram, ciki ya fara ƙugi. Kumburi, tusa ba ƙaƙƙautawa, gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, zawo mai maiƙo da ɗoyi, kasala, rama. Yakan ja mako biyu zuwa shida, wani ma ya fi haka. Wasu ko sun warke sai madara ta daina karɓar su na wani lokaci. Akwai yarinyar da ta zo mini tana kuka, jarrabawa ta gabato ga shi ba ta iya zaman awa ɗaya a aji. Na tausaya mata ƙwarai, amma sai da na yi mata faɗa, domin risho da tukunya suna cikin jakarta duk tsawon tafiyar. Ƙiwar kunna wuta ce kawai.

A kan kogin Yukon akwai wani tarko na daban. Bayan inda kogin White ya haɗu da shi, ruwan yana yin kauri da laka har ya toshe matata. Sai mutane su tsaya a bakin ƙananan rafuka masu haske, su cika gora su kafa kai, wai wannan ai mai tsabta ne. Haske daban, tsabta daban. Ka san abin da ya mutu ko ya yi kashi a mita ɗari sama da inda ka tsuguna? Ba ka sani ba. To, kar ka sha.

Wani zai ce mini shi bai sha ba, baki kawai ya kuskure. Na ji wannan ma. Goge haƙori da ruwan rafi, kuskure baki wajen alwala, ɗauraye kofi a cika shi da shayin da bai tafasa ba, duk hanya ce. Ku ware ruwan da kuka dafa don baki, sauran gaɓɓai ba matsala.

Abin yi ba shi da wuya:

- Ku tafasa ruwa ya yi ɓul-ɓul na minti 1 cur. Idan kun haura mita 2,000 a kan dutse, minti 3.
- In matata za ku ɗauka, ku duba a rubuce cewa ramukanta ba su wuce maikiron 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ruwa mai laka a bar shi ya kwanta tukuna.
- Ƙwayoyin tsabtace ruwa suna son lokaci, musamman a ruwan sanyi. Ku jira abin da aka rubuta a kwalin, ba ku jefa ku girgiza ku sha ba.
- Bahaya a rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, nesa da ruwa da aƙalla mita 60, a rufe.
- Sabulu da ruwa kafin girki. Man goge hannu shi kaɗai bai isa wannan ƙwayar ba.

Ku naɗa mutum ɗaya a cikinku ya zama sarkin ruwa. Da an sauka, kafin a kafa tanti, tukunya ta hau wuta, a cika gorunan gobe tun dare. Ƙishirwa ce ke sa mutum ya karya doka, wanda gorarsa ke cike ba ya tsugunawa a bakin rafi.

Idan kuma aikin gama ya gama, ƙannena, kada ku ji kunya, kada kuma ku karɓi ragowar filajil a hannun aboki ku haɗiya. Ku zo a gwada bahayan, wani lokaci sai an maimaita gwajin kafin a kama ta, magani kuma yana nan yana aiki. Ku riƙa shan ruwan gishiri da sukari kafin ku iso, ku dakata da yi wa mutanen gida girki, ku nisanci wurin ninkaya. In akwai jini a bahaya, ko zazzaɓi mai zafi, ko fitsari ya ɗauke, ranar za ku zo, ba gobe ba. Ku faɗa wa likita sunan kogin da ranar da kuka sha, sannan ku kira sauran abokan tafiyar ɗaya bayan ɗaya ku tambaye su yaya cikinsu.