Talla mai bin sawu a intanet

Talla mai bin sawu nau'i ne na tallan intanet da ake nuna wa mutum gwargwadon abin da aka riga aka tattara a kansa: shafukan da ya leƙa, kayan da ya duba, garin da yake, da irin wayar da ke hannunsa. Ya sha bamban da tallan rediyo ko allon bakin titi, inda kowa ke samun saƙo iri ɗaya. Da shi kamfanoni irin su Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, suke samun mafi yawan kuɗin shigarsu. Tun wajen 2018 dokoki da masu ƙera waya suke ta rage masa ƙarfi, lamarin da ya tilasta wa 'yan talla da jami'an hulɗa da jama'a sake lissafi.

Tarihi

Tushen abin ya koma shekarar 1994. A shekarar ne Lou Montulli, injiniya a kamfanin Netscape na Amurka, ya ƙirƙiro kuki, wato ɗan guntun bayani da shafi ke ajiyewa a burauzar mai ziyara (manhajar da yake buɗe shafukan intanet da ita) domin ya gane shi idan ya dawo. Ba don talla aka yi shi ba, an yi shi ne don shafin ciniki ya riƙa tuna kayan da mutum ya zaɓa. A watan Oktoba na shekarar kuma shafin HotWired ya ɗora tallan kamfanin AT&T, wanda ake yawan lissafawa cikin tallace-tallacen hoto na farko a intanet.

Ba a daɗe ba dillalan talla suka gano wata kafa. Idan dillali ɗaya ne ke sa talla a shafuka dubu, kukinsa zai shaida mutum a duk shafin da ya shiga daga cikinsu. Wannan shi ake kira kukin ɓangare na uku. Kamfanin DoubleClick, da aka kafa a tsakiyar shekarun 1990, ya yi suna a wannan harka, har Google ya saye shi kan dala biliyan 3.1, an sanar da cinikin a 2007, aka kammala a 2008. Google ya riga ya buɗe tsarin tallansa, AdWords, tun Oktoban 2000, Facebook kuma ya ƙaddamar da tsarin tallansa a Nuwamban 2007. Daga wajen 2009 sayen gurbin talla ta hanyar gwanjon nan take ya fara yaɗuwa.

Juyin ya zo ne a 2018. A watan Maris aka bankaɗo yadda kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan masu amfani da Facebook, waɗanda Facebook ya ce za su iya kai mutum miliyan 87. A ranar 25 ga Mayu dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki, da tarar da ke iya kai kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara a duniya. A 2019 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci tarar Facebook dala biliyan 5.

Yadda yake aiki

Mai kaya yana liƙa wata 'yar lamba a shafinsa, ana ce mata fiksel. Duk wanda ya buɗe hoton takalmi, ko ya sa shi a kwando bai biya ba, fiksel ɗin zai kai rahoto ga dandalin talla. Da mutumin ya buɗe wani shafi mai gurbin talla, sai a aika bayanansa ga masu saye, kowa ya taya, wanda ya yi nasara tallansa ya bayyana. Duk wannan yana ƙarewa cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kafin shafin ya gama buɗewa. Ana biya ne ko dai kan kowane nuni dubu, ko kan kowane dannawa.

Matsalolinsa sanannu ne ga masu sana'ar. Idan ba a cire waɗanda suka riga suka saya daga jerin ba, takalmin zai yi ta bin mutum makonni bayan ya saya, kuɗi na ƙonewa a banza. Idan gida guda na amfani da waya ɗaya, tsarin zai haɗa sha'awar uba da ta 'ya'ya ya ɗauka mutum ɗaya ne. Akwai kuma manhajojin bogi da ke danna talla don masu shafukan ƙarya su karɓi kuɗi. Babbar illar ita ce ta lissafi: yawancin rahotanni suna ba tallan da aka danna na ƙarshe ladan cinikin gaba ɗaya, alhali sau da yawa mai sayen ya riga ya yanke shawara. Hanyar da ta fi inganci ita ce a ware wani kaso na mutane a hana su ganin tallan, sannan a kwatanta cinikin ɓangarorin biyu. Kaɗan ne ke yin haka, domin sakamakon yakan rage adadin nasarar da za a nuna wa wanda ya biya kuɗin tallan.

Takunkumi

Burauzar Firefox ta fara toshe kukin bin sawu kai tsaye a 2019, burauzar Safari ta Apple ta toshe na ɓangare na uku gaba ɗaya a Maris 2020. A Afrilun 2021 Apple ya wajabta wa kowace manhaja a iPhone ta nemi izini kafin ta bi sawun mutum zuwa wasu manhajoji. Meta ya ƙiyasta cewa hakan zai ja masa asarar kimanin dala biliyan 10 a 2022. Google ya yi alkawari a Janairun 2020 zai cire irin wannan kuki daga burauzarsa ta Chrome cikin shekara biyu, ya ɗage sau da dama, ya janye a Yulin 2024.

A Najeriya an sa hannu kan dokar kare bayanai a Yunin 2023. A Yulin 2024 hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasar. Kamfanin ya musanta laifin.

Inda aka dosa

Abin da ya fi ɗaukar hankali yanzu shi ne bayanan da mai saye ya bayar da kansa: lambar waya, adireshin imel, tarihin abin da ya saya. Mai sayar da atamfa da ke ajiye lambobin kwastomominta a WhatsApp, ta san wadda ke son leshi da wadda ke jiran kayan sallah, tana riƙe da irin jarin da manyan kamfanoni ke kashe kuɗi su tara. Sharaɗin shi ne izini, da kuma hanyar fita ga wanda ya gaji da saƙonni. Lambobin da aka saya a hannun wani sukan jawo ƙorafi har a rufe layin kasuwancin.

Tallan da ke bin abin da shafi ya ƙunsa, ba mai karatu ba, ya farfaɗo: tallan taki a shafin noma, na taya a shafin motoci. Wani kaso na kuɗin kuma ya koma hannun masu ɗimbin mabiya a TikTok da Instagram, kuma a nan aikin talla da na hulɗa da jama'a suka cakuɗe, tunda amanar da mabiya suka ba mutum ake saye. A Amurka da Ingila doka ta ce a bayyana duk tallan da aka biya, a Najeriya kuma hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, ƙarƙashin dokarta ta 2022, tana neman a tantance talla kafin a sake shi.

Ƙirƙirarriyar basira ta shiga rubuta talla da zaɓen wanda za a nuna wa. Ana saɓani kan ko hakan ya rage bin sawu ne ko ya ƙara ɓoye shi.