Waiwaye: Yadda Jollibee ya bi sawun 'yan ci-ranin Filifin har bangon duniya

A watan Disambar 2016, ana tsakiyar hunturun Kanada, sanyin da ke sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa, mutane suka yi dogon layi tun kafin gari ya waye a ƙofar wani sabon gidan abinci a birnin Winnipeg. Ba rabon tallafi ake yi ba. Soyayyar kaza da taliya suka zo saye da kuɗinsu. Ranar ce Jollibee, kamfanin abincin tafi-da-gidanka na ƙasar Filifin, ya buɗe reshensa na farko a Kanada.

Wanda bai san kan zancen ba zai yi mamakin yadda aka tsallake Toronto da Vancouver, manyan biranen hada-hada, aka faɗa wani gari na tsakiyar fili. Amsar tana cikin tarihin garin. Tun a shekarun 1960 likitoci da ma'aikatan jinya daga Filifin suka fara sauka a Winnipeg, sannan masana'antun ɗinkin tufafi suka riƙa ɗebo mata masu taka keke daga Manila. Wannan ta jawo ƙanwarta, waccan ta jawo mijinta, har ta kai ga ƙidayar 2016 ta nuna in ka cire Turanci, Tagalog, babban harshen Filifin, shi ne harshen uwa da ya fi yawan masu shi a birnin. Kamfanin bai je neman kasuwa ba. Kasuwar ta riga shi isa da shekara hamsin.

Asalin Jollibee kuwa shagon askirim ne. Tony Tan Caktiong, ɗan wasu 'yan asalin lardin Fujian na ƙasar Sin da suka yi ƙaura zuwa Filifin, ya tashi yana taya mahaifinsa aiki a gidan abincinsu na garin Davao. Ya karanci injiniyancin sinadarai a Jami'ar Santo Tomas, amma a 1975 sai ya karɓi izinin sayar da askirim ɗin kamfanin Magnolia a unguwar Cubao da ke birnin Quezon. Ba a jima ba ya lura cewa boga da sauran abinci mai zafi da ya ƙara a gefe sun fi askirim ɗin tafiya. A 1978 aka yi wa kamfanin rajista da sunan da ke nufin ƙudan zuma mai fara'a. Shi ne jan ƙudan nan mai hular kuku da ake gani tsaye a bakin kowane reshe yana washe baki.

Shekara uku da yin haka, a 1981, McDonald's ya shigo Manila. Tony ya sha ba da labarin yadda abokai suka ba shi shawarar ya sayar da kamfanin tun yana da daraja, kafin giwa ta taka shi. Bai sayar ba. Ya kwaikwayi tsarin Amurkawa na tsafta da saurin sallamar mai saye, amma ɗanɗanon ya bar shi na gida.

Ga yadda farantin yake. Chickenjoy, wato soyayyar kazar, tana zuwa ne da mulmulen farar shinkafa da ɗan kofin romo mai kauri, kuma mutumin Filifin ba ya tsoma kazar kawai, malala romon yake yi a kan shinkafar har ta jiƙe. Idan mai yaji ka nema, za ka tarar an soka mata 'yar jar tuta don kada a haɗa ta da marar yaji. Taliyar kuwa, Jolly Spaghetti, zaƙi gare ta, zaƙin da zai sa mutumin Italiya ya dafe kai: jar miya mai sukari, yankakken sosej da niƙaƙƙen nama, a barbaɗa cuku a sama. Wannan zaƙin yana da tarihi. Tumatir ya yi wuya a ƙasar, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka koma yin miyar kwalba da ayaba a sa mata jan launi, dabarar da ake jingina wa Maria Orosa, masaniyar sarrafa abinci da ta rasu a yaƙin Manila na 1945. Harshen mutane ya saba da hakan, ta zama taliyar bikin zagayowar ranar haihuwar yara. Da tafiya ta yi nisa McDonald's ne ya sauko: a rassansa na Filifin har yau ana sayar da taliya da kaza da shinkafa. Jollibee yana da rassa sama da 1,200 a cikin gida, kuma Filifin na cikin 'yan tsirarun ƙasashen da McDonald's ya shiga aka bar shi a baya.

A daidai lokacin da Tony ke kafa shagonsa, gwamnatin Ferdinand Marcos tana kafa wani abu da ya fi shi girma. Kuɗin man fetur ya tumbatsa a ƙasashen Larabawa bayan 1973, ana neman masu gina tituna da asibitoci da matatu, a gida kuma aiki ya yi ƙaranci. Dokar ƙwadago ta 1974 ta mayar da tura ma'aikata waje manufar gwamnati. An ce na ɗan lokaci ne. Maza suka fara tafiya Saudiyya, daga baya mata suka bazu zuwa Hong Kong da Singafo da Italiya aikatau, masu aikin jirgin ruwa suka cika tekunan duniya. Waɗanda suka yi makarantar sakandare a arewacin Najeriya a shekarun 1970 da 1980 da yawansu za su tuna malaman lissafi da kimiyya 'yan Filifin. Suna cikin wannan guguwar. Ma'aikatan jinya kuwa hanyarsu ta girmi ta kowa, domin tun zamanin da Amurka ta mulki ƙasar, daga 1898 zuwa 1946, aka kafa makarantun jinya masu koyarwa da Turanci, kuma da Amurka ta sassauta dokar shige da fice a 1965 sai suka kwarara can.

A yau ana ƙiyasta 'yan Filifin kusan miliyan 10 ne ke zaune a ƙetare, kuɗin da suke aikowa gida kuma ya haura dala biliyan 30 a shekara. Shugaba Corazon Aquino ce ta tsaya gaban 'yan aikatau a Hong Kong a 1988 ta kira su bagong bayani, sabbin jarumai. Suna mai daɗi, ga wadda ta bar 'ya'yanta wajen kakarsu ta tafi rainon na wasu.

A nan ne labaran biyu suka haɗu. Ga talakan Filifin, Jollibee ba wurin cin yau da kullum ba ne. Can ake kai yara ranar da aka biya albashi, ko bayan an taso daga coci ranar Lahadi, ko in yaro ya ci jarrabawa. Can ake bikin ranar haihuwa, ƙudan zuman ya fito ya taka rawa yara suna ihu. Don haka ma'aikaciyar jinyar da ta shekara biyar ba ta ga gida ba, in ta ji ƙamshin kazar nan, abin da ke faɗo mata ya wuce yunwa.

Sai dai kamfanin ya sha wuya kafin ya gane cewa kewar gida ita kaɗai ba ta biyan kuɗin haya. Fitarsa ta farko a tsakiyar shekarun 1980, zuwa Singafo da Taiwan, ta ƙare da saɓani da abokan hulɗa da rufe shaguna. Indonesiya ma ba ta yi albarka ba. Brunei ce kawai, inda aka shiga a 1987, ta kama ƙasa. A 1993 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Manila, aljihu ya yi nauyi, aka ɗauko wani baturen Ostareliya, Tony Kitchner, daga Pizza Hut don ya jagoranci sashen ƙetare. Dabararsa ita ce a riga kowa kafa tuta a ƙasashe da yawa, a kuma nufi duk inda 'yan Filifin suka taru. Aka buɗe rassa nan da can, har da yankin Larabawa. Abin da lissafin bai hango ba shi ne cewa lebura mai kwana a sansanin kamfani, wanda ke matse kowane riyal don ya aika gida, ba zai riƙa cin kaza a gidan abinci kullum ba. Da yawan rassan suka yi ta asara. Kitchner ya bar aiki a 1997, shekarar da tattalin arzikin Asiya ya shiga ruɗu, aka rufe na rufewa.

Hong Kong ta nuna matsalar ƙuru-ƙuru. A 1996 aka buɗe reshe a unguwar Central. Duk ranar Lahadi, ranar hutun 'yan aikatau, dubban mata na cika wannan unguwa ta manyan bankuna: su shimfiɗa kwalaye a dandalin Statue Square da ƙarƙashin ginin bankin HSBC, wasu na yanke wa juna farce, wasu na karta, wasu na ɗaure ƙaton kwalin tsarabar nan da suke kira balikbayan, wanda ake cikawa da sabulu da cakulan da takalman yara wata da watanni kafin a ɗora shi a jirgin ruwa. Ranar Lahadi shagon ba masaka tsinke. Daga Litinin zuwa Asabar kuwa matan suna gidajen iyayen gijinsu, sai ka nemo Basinen da zai shigo.

Amurka ta zo da wani yanayi dabam. A 1998 aka buɗe reshe a Daly City, kusa da San Francisco, garin da kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanensa 'yan asalin Filifin ne. Waɗannan ba 'yan kwangilar shekara biyu ba ne. Iyalai ne zaunannu masu gidaje da motoci da albashin asibiti, masu son 'ya'yansu da aka haifa a can su san ɗanɗanon gida. Daga nan aka bi California a hankali, sai Las Vegas, sai unguwar Woodside ta New York a 2009, sannan Hawaii.

Da aka koma yankin Larabawa, an koma da hankali. Jidda ta samu reshe a 2008, a garin da Al Baik ya riƙe tun 1974, kazar da alhazanmu suka fi sani, kuma duk wanda ya taɓa bin layinta ya san ba a shiga kasuwar kaza a Jidda da wasa. Naman alade da ke cikin wasu girke-girken Filifin dole aka cire shi, aka koma halal, kamar yadda aka yi a Brunei. Singafo aka sake gwadawa a 2013 a ginin Lucky Plaza, matattarar 'yan aikatau ranar hutu, sai Dubai Mall a 2015. Turai ta biyo baya a 2018: Milan a watan Maris, inda dubban 'yan Filifin ke aikin gida da kula da tsofaffi, sai Earl's Court ta Landan a Oktoba, sai Madrid a 2021, babban birnin ƙasar da ta mulke su fiye da shekara 300. A ganina, reshen Milan ne ya fi kowanne ƙarfin hali. Kai taliya mai sukari ƙasar Italiya ai sai wanda ya tabbata ba Italiyawa yake jira ba.

Wani abin lura shi ne ƙasar da Jollibee ya fi yawan rassa bayan gida ba ta 'yan ci-rani ba ce sam. Biyetnam ce, mai rassa sama da 150, inda masu saye 'yan ƙasa ne, kuma aka ƙara wa kazar yaji don ta dace da bakinsu. A Amurka ma nan aka dosa. Manyan rassan da aka buɗe a tsakiyar Manhattan, har da na Times Square a 2022, ba a unguwar 'yan Filifin suke ba, kuma a shekarar ce mujallar abinci ta intanet Eater ta ce Chickenjoy ta fi soyayyar kazar duk wani kamfani mai rassa a Amurka. 'Ya'yan 'yan ci-ranin ne suka yi wa kamfanin talla kyauta, suna jan abokan makaranta da na aiki, suna ɗora bidiyon a YouTube da TikTok. Rassan Amurka da Kanada sun haura 100. Ernesto Tanmantiong, ƙanin Tony da ya karɓi ragama a 2014, ba ya ɓoye burinsa na shiga cikin manyan kamfanonin abinci biyar na duniya, shi ya sa suke ta sayen kamfanonin wasu, daga Yonghe King na Sin zuwa Smashburger na Amurka.

Akwai ɓangaren da ba a cika kawowa ba in ana labarin dogayen layuka. A Filifin akwai abin da ma'aikata ke kira endo: a ɗauke ka kwangilar wata biyar, a sallame ka kafin ka cika wata shidan da doka ta ce ka zama ma'aikacin dindindin. Irin wannan aiki marar tabbas yana cikin abin da ke tura matasa ofishin fasfo. A 2018 ma'aikatar ƙwadago ta umarci Jollibee ya tabbatar da ma'aikata sama da 6,000 da ke ƙarƙashin 'yan kwangila, kamfanin kuma ya ɗaukaka ƙara yana cewa bai karya doka ba. Shugaba Rodrigo Duterte, wanda ya yi kamfe da alkawarin kashe endo, ya ƙi sa hannu a kan ƙudurin da majalisa ta kai masa a watan Yulin 2019. A cikin wannan watan ne Jollibee ya sanar da sayen kamfanin gahawa na The Coffee Bean & Tea Leaf da ke California a kan dala miliyan 350. A ƙarshen 2021 Duterte ya sa hannu a wata dokar dabam, wadda ta kafa ma'aikata sukutum ta kula da 'yan ci-rani.