Lasisi Ya Fito: Tambayoyi Kan Buɗe Ofishin Ba Da Shawara Ta Intanet A Amurka

Wanda ya karanci ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa a Amurka, da zarar lasisi ya zo hannu, sai tunanin cin gashin kai ya taso. Hayar ofis da tsada, don haka ido yakan koma kan kwamfuta. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin sababbin shiga.

Da lasisin ya fito sai in buɗe?

Duba wane iri ne tukuna. Jihohi da yawa suna fara ba da na share fage, wanda ba ka aiki da shi sai da sa idon wani gogagge. A Texas sai ka cika sa'o'i 3,000 a haka, cikin wata 18 ko fiye, kafin a sakar maka mara. In cikakken ne a hannunka, bismillah.

Tunda ta intanet ne, ai zan iya ganin kowa a ko'ina?

Nan ake yawan yin tuntuɓe. Lasisin na jiha ne, kuma abin da doka ke dubawa shi ne inda mai neman shawarar yake zaune a daidai lokacin, ba inda kake ba.

A ce akwai wata da kuka saba zama duk Talata tana gidanta a Dallas, cikin jihar Texas. Yau ta kunna kyamara, sai ka ga labulen bayanta ba wanda ka sani ba ne. Ashe ta je jihar Oklahoma duba mahaifiyarta. To a wannan sa'ar, dokar Oklahoma ce a kanku. Wasu jihohi suna ɗaga ƙafa na 'yan kwanaki, wasu ko kaɗan. Shi ya sa tsofaffin hannu bayan gaisuwa suke tambayar, “Kina ina yanzu?” su kuma rubuta amsar.

Akwai sauƙi nan da can. Florida ta buɗe rajista tun 2019 ga ma'aikatan lafiya na wasu jihohi masu duba mazaunanta daga nesa. Akwai kuma yarjejeniyar Counseling Compact da jihohi fiye da 30 suka shiga, wadda ke ba mai lasisin ɗayansu damar yin aiki a sauran. Amma shigar jiharka ba ta nufin ƙofa ta buɗe yau. Sai ka nemi izinin kowace jiha, ka biya kuɗinsa.

Idan mutum ya ce zai kashe kansa, alhali tsakaninmu tafiyar awa biyar ce?

Wannan ce tambayar da ya kamata ta zo ta farko, amma sai a bar ta a ƙarshe saboda ba ta da daɗin ji. A ofis za ka iya zama tare da shi har taimako ya iso. A kwamfuta kuwa maɓalli ɗaya zai danna ya ɓace. Saboda haka tun zaman farko ka karɓi adireshinsa, da lambar wani na kusa da shi wanda ya yarda a kira, ka kuma nemo lambar agajin gaggawa ta garinsu, domin idan ka buga 911 daga ɗakinka, na yankinka ne za su ɗauka. Layin 988, na taimakon masu tunanin kashe kansu, yana aiki a duk ƙasar tun Yulin 2022. A ganina, sabon shiga da ke aiki shi kaɗai bai kamata ya karɓi wanda ke cikin irin wannan hali mai tsanani ba. Tura shi inda akwai hannaye da yawa ba gazawa ba ce.

WhatsApp ko FaceTime ba za su wadatar ba?

Ba za su wadatar ba. Dokar HIPAA ta 1996, mai kare sirrin bayanan lafiya, tana son kamfanin da bayanan marar lafiya ke bi ta hannunsa ya sa hannu a takardar alkawarin tsare sirri. An sassauta a lokacin korona, sassaucin ya ƙare a 2023. Manhajojin ganawa ta bidiyo na Doxy.me da SimplePractice suna cikin masu ba da wannan takarda. Ka kuma kula da abin da ka dasa a shafinka na talla: a 2023 hukumar kare masu sayayya ta FTC ta sa kamfanin ba da shawara ta intanet na BetterHelp biyan dala miliyan 7.8 kan zargin miƙa bayanan masu neman shawara ga irin su Facebook.

Inshora ko kuɗi hannu?

Kuɗi hannu ya fi tsoka kuma ba jira, sai dai samun masu iya biya aiki ne. Inshora tana kawo mutane, amma kafin kamfanin inshorar ya tantance ka ya fara biyanka akan ci watanni, ga ciko-cikon takardu. Tun 1 ga Janairun 2024 Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya ga tsofaffi, ita ma ta fara biyan masu wannan lasisi. Wanda zai biya daga aljihunsa kuwa, doka ta ce tun 2022 a ba shi ƙiyasin kuɗin a rubuce kafin a fara.

In ajiye aikin albashi?

Kada ka yi saurin zubar da ruwan tulu don ganin hadari. Mutane ba sa zuwa rana ɗaya, wasu su yi alkawari su ƙi bayyana. Ga harajin mai zaman kansa na kashi 15.3 cikin ɗari ban da harajin kuɗin shiga, ga inshorar kare kai daga ƙara. Da yawa suna farawa ne da yamma biyu a mako, su riƙe albashinsu har jadawalin ya cika.