Waiwaye: Yadda Kanada da Denmark suka raba tsibirin Hans

Tsibirin Hans falalen dutse ne tsirara, girmansa murabba'in kilomita 1.3 kacal. Yana cikin mashigin tekun Nares, wanda ya raba tsibirin Ellesmere na Kanada da Greenland da ke ƙarƙashin masarautar Denmark. Ba bishiya, ba gida, ba mazauni. Ƙanƙara ce ke kewaye da shi galibin shekara, sai maharban Inuit, 'yan asalin wannan yanki na Aktik da ke ƙuryar arewacin duniya, da ke ratsa wurin tun kaka da kakanni. Sunan Hans Hendrik aka sa masa, wani ɗan Greenland da ya raka ayarin masu binciken Amurka a farkon shekarun 1870.

Wurin da yake shi ya jawo masa rigima. Faɗin mashigin a nan kusan kilomita 35 ne, tsibirin kuma yana tsakiya, don haka kowace ƙasa na iya cewa ya faɗo cikin mil 12 na ruwanta. Da aka zo shata iyakar ƙarƙashin teku a 1973, magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Sai aka jawo layi daga kudu har dab da shi, aka tsallake, aka ɗora daga arewa, aka bar giɓin mita 875.

A 1984 ministan Denmark mai kula da Greenland, Tom Høyem, ya je ya kafa tuta. Daga nan aka shiga ba-ni-in-ba-ka: waɗannan su zo su kafa tutarsu su ajiye kwalbar giyar ƙasarsu, waɗancan su zo su rama, har 'yan jarida suka raɗa wa abin "yaƙin wiski". Ba a taɓa harba ko harsashi ɗaya ba. Sai dai raha ta ɗan gushe a Yulin 2005, da ministan tsaron Kanada Bill Graham ya sauka a tsibirin, Denmark ta aika takardar ƙorafi.

Ba dutsen ake wa rowa ba, a ganina. Ƙanƙarar Aktik na narkewa, kowa kuma na tsoron in ya saki wannan, gobe a nemi ya saki wani abin da ya fi shi.

An kafa kwamitin haɗin gwiwa a 2018. Ranar 14 ga Yunin 2022 a Ottawa, ministocin harkokin waje na lokacin, Mélanie Joly ta Kanada da Jeppe Kofod na Denmark, tare da firaministan Greenland na lokacin Múte Egede, suka rattaba hannu kan yarjejeniyar raba tsibirin. Wata tsaga da ta ratsa dutsen daga arewa zuwa kudu ita aka bi: kusan kashi 60 cikin 100 ya tafi Greenland, sauran Kanada. Yarjejeniyar ta tanadi 'yancin zirga-zirgar Inuit a duk faɗin tsibirin, Kanada kuma ta samu maƙwabciya ta biyu ta kan tudu bayan Amurka.