Agajin Mota a Birtaniya: Me Ya Sa Tsohon Abokin Ciniki Ke Biyan Kuɗi Fiye da Sabo?

Duk mai mota a Birtaniya ya san wasiƙar nan da ke zuwa sau ɗaya a shekara, 'yan makonni kafin wa'adin agajin motarsa ya ƙare. Takan fara da godiya kan daɗewar da ka yi tare da kamfanin, sai can ƙasa ka ga sabon farashi ya ɗara na bara. 'Yan uwanmu da suka zo karatu ko aikin jinya sukan yi mini tambayoyi a kanta, shi ya sa na tattara su a nan.

Wai mene ne wannan agajin da ake biya wa kuɗi duk shekara?

A gida, in mota ta mace maka tsakanin Zariya da Kaduna, ka san abin yi. Ka buga wa bakanikenka waya, ko ka tare ɗan acaɓa ya ɗauko maka na kusa. A nan babu mai faci a gindin bishiya, yawancin garejoji suna rufewa da yamma, kuma kafaɗar babbar hanya ba wurin kwance inji ba ce. Saboda haka mutane ke biyan wani kamfani kuɗin shekara, ranar da batir ya mutu ko taya ta fashe su kira, a turo musu bakanike, in gyaran ya gagara a turo janwe.

Manyan kamfanonin uku ne. RAC ta samo asali tun 1897, motocinta ruwan lemo. AA an kafa ta a 1905, tata rawaya. Green Flag ta fara a Biradfod a 1971. Doka ba ta tilasta wa kowa yin wannan agaji ba, inshorar mota ce kawai dole. Kuma hawa-hawa ne: akwai na bakin hanya kaɗai, akwai wanda za a zo har ƙofar gidanka, akwai wanda za a ja motar zuwa ko'ina a ƙasar.

Me ke sa kuɗin ya hau lokacin sabuntawa?

Wani ɓangare na ƙarin yana da dalili. Mai ya yi tsada, kayan gyara sun yi tsada, albashin kanikawa ya ƙaru, kuma hauhawar farashi a ƙasar ta kai kashi 11.1 cikin ɗari a Oktoban 2022. Harajin da gwamnati ke ɗorawa kan inshora ma ya ninka, daga kashi 6 a farkon 2015 zuwa kashi 12 a Yunin 2017.

Sai dai waɗannan sun shafi kowa, sabo da tsoho. Abin da ba su bayyana ba shi ne yadda za ka buɗe shafin kamfanin a intanet a ranar da wasiƙar ta iso, ka tarar ana tallata wa baƙo irin agajinka sak a farashin da bai kai naka ba. Wannan tsari ne da aka zauna aka shirya. Ana karya farashin shekarar farko don a jawo mutum, wani lokaci har kamfanin bai ci riba a kansa ba, sannan a riƙa ɗaga masa kaɗan-kaɗan duk shekara, da lissafin cewa mafi yawan mutane ba za su duba ba. Wanda ya duba ya yi magana a rage masa. Wanda ya yi shiru shi ke biyan rangwamen da aka yi wa baƙo.

Ba tsohon abokin ciniki ya kamata a sauƙaƙa wa ba?

Wannan ce tambayar da ta fi damun Bahaushe, kuma ni ma ita ta fi ci mini rai. Mun taso mun ga mai hatsi a kasuwa ya auna wa mahaifiyarmu mudu, sannan ya ƙara danƙi guda ya ce gyara ne, don ya san ta shekara da shekaru. Mai shago yakan ba ka bashi saboda sabo. A wurinmu daɗewa jari ce, tana sayo maka sauƙi da mutunci.

Da wannan tunanin mutum ke zuwa nan, ya ga ya shekara bakwai da kamfani ɗaya bai taɓa saɓa biya ba, sai ya ɗauka ana kallonsa da wannan idon. Alhali abin da na'urar kamfanin ta karanta daga shekarun nan bakwai shi ne mutumin nan ba ya motsi, ko an ƙara masa zai biya. Waɗanda abin ya fi faɗawa a kansu su ne tsofaffi da ba su saba da intanet ba, da masu aikin dare da ba su da lokacin zama kan waya, da baƙi da Turancin takardu ke ba su wahala. A ganina cin amana ne a mayar da yardar mutum hanyar tatsarsa.

Hukuma ba ta tsoma baki ba?

Ta tsoma, amma ba ta kai ko'ina da ko'ina ba. A Satumban 2018 ƙungiyar Citizens Advice mai ba jama'a shawara ta kai babban ƙorafi gaban hukumar CMA mai kula da gasa a kasuwanni, inda ta ƙiyasta cewa mutane na asarar kimanin fam biliyan 4 a shekara saboda zama da kamfani ɗaya, a harkar waya, intanet, ajiyar banki, bashin gida da inshorar gida. Daga 1 ga Janairun 2022, hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi ta hana a caji mai sabunta inshorar mota ko ta gida fiye da abin da za a caji sabon shiga.

Ga inda giɓin yake. Haramcin inshorar mota da ta gida ya nufa. Agajin hanya da ka saya shi kaɗai, kai tsaye daga kamfanin agaji, bai shiga ciki ba. Mutane da yawa sun ji labarin dokar a rediyo suka saki jiki, suna zaton ta rufe komai da ya shafi mota. Tun Yulin 2023 akwai wata ƙa'idar ta FCA da ta wajabta wa kamfanoni su tabbatar abin da suke sayarwa ya cancanci kuɗinsa, amma ba ta ce lallai farashin tsoho da na sabo su zo ɗaya ba.

Me zan duba in wasiƙar ta zo?

Abu biyu. Tun Afrilun 2017 dole ne takardar sabunta inshora ta nuna abin da ka biya bara, don ka kwatanta da na bana. Na biyu, nemi inda aka rubuta ko za su cire kuɗin da kansu daga katinka ranar da wa'adi ya cika. Kana da damar ka ce a daina, sai ka amince tukuna.

Da gaske ana ciniki da su?

Ana yi ƙwarai, kuma nan ne tarbiyyar kasuwar gida ke da rana. Na daɗe ina jin nauyi, ina ganin kamar a ƙasar Turawa farashi a rubuce yake, babu tayi. Wata shekara wasiƙar wani kamfani da nake tare da shi ta zo, na ga kuɗin ya kusa ninka abin da na fara biya. Na zauna a kicin bayan sallar isha'i, na duba farashin kamfanoni biyu, na rubuta a bayan ambulan ɗin. Washegari na kira, na zaɓi lambar masu son barin kamfanin. Matar da ta ɗauka ta tambayi dalili, na karanta mata abin da ke bayan ambulan. Ta ce in ɗan jira. Ko minti biyu ba a yi ba ta dawo da ragi. Na ce har yanzu ya fi na waɗancan kamfanonin tsada, ta sake ragewa. Ban ɗaga murya ba, ban roƙa ba.

Na ajiye wayar da daɗi da kuma takaici, domin ragin nan yana nan tun ranar da suka buga wasiƙar, kuma maƙwabciyata mai shekara saba'in da wani abu ba za ta taɓa yin wannan kiran ba. In za ka yi, ka riƙe farashin wani kamfani a hannu, kuma ka kasance a shirye ka tafi da gaske in sun ƙi.

In sun riga sun cire kuɗin fa?

Kana da kwana 14 da za ka iya sokewa a mayar maka da kuɗinka, ko da yake suna iya cire na kwanakin da suka wuce ko ɗan kuɗin aiki, musamman in ka riga ka kira su sun zo. In kana ganin an zalunce ka, rubuta musu ƙorafi. In mako takwas ya wuce ba su warware ba, kai maganar ofishin Financial Ombudsman Service mai sasanta rikici tsakanin jama'a da kamfanonin harkar kuɗi, ba a biyan ko kwabo.

To in koma wa mafi araha kawai?

Duba abin da ke ciki tukuna. Mai rahusa sau da yawa ba ya zuwa in motar ta ƙi tashi a ƙofar gida, kuma da sanyin Janairu a nan ne batir ya fi mutuwa. Tambayi ko agajin motar yake bi ko kai yake bi duk motar da ka shiga. Wasu kamfanonin ba sa ba da cikakken agaji a rana ta farko, don haka kada ka bari tsohon ya ƙare kafin sabon ya fara aiki. Sannan ka leƙa takardun asusun bankinka. Wasu asusun da ake biya wa kuɗin wata suna haɗe da agajin mota, haka ma sabuwar mota takan zo da nata daga kamfanin da ya ƙera ta. Na san wani ɗan uwa da ya yi shekara biyu yana biya sau biyu bai sani ba, sai da muka zauna muka bi takardun bankinsa layi-layi.