Wajibin Ista: abin da dokar Cocin Katolika ta ɗora wa kowane mai bi

Kowace shekara, da zarar azumin kwana 40 ya kusa ƙarewa, za ka ji Fada, wato firist, ko katekist mai koyar da addini yana sanarwa bayan Misa cewa kowa ya tuna da wajibin Ista. Da yawa daga cikinmu mun tashi muna jin maganar, amma in ka tsayar da mutum a ƙofar coci ka ce ya faɗa maka abin da dokar ta ce, sai a fara kame-kame. Wani zai ce dole ne a je ikirari, wato faɗa wa firist zunubai don neman gafara, kafin Juma'ar da aka gicciye Yesu, wani ya ce sai ranar Lahadin Ista ake cika shi, wani kuma ya ɗauka maganar biyan kuɗin coci ce. To, dokar a rubuce take, kuma gajeriya ce.

Tana cikin kundin dokokin Coci wanda Fafaroma John Paul na Biyu ya ƙaddamar ranar 25 ga Janairu 1983. Doka ta 920 ta ce duk wanda ya riga ya fara karɓar Tarayya Mai Tsarki, wato gurasar da aka tsarkake a Misa wadda ake kira Jikin Ubangiji, wajibi ne ya karɓa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma a yi hakan cikin lokacin Ista, sai dai in akwai dalili mai kyau da zai sa a yi a wani lokaci na shekarar. Sai doka ta 989, wadda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ita: duk mai bi da ya kai shekarun sanin ya kamata, wajibi ne ya yi ikirarin manyan zunubansa aƙalla sau ɗaya a shekara. Abin da ke rubuce ke nan.

Lokacin Ista kuwa ba yini ɗaya ba ne. Kwana 50 ne, daga Lahadin tashin Yesu daga matattu har zuwa Lahadin Fentikos, bikin saukowar Ruhu Mai Tsarki. Ita kanta Ista tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, don haka Fentikos na zuwa tsakanin 10 ga Mayu da 13 ga Yuni. A ƙasarmu ke nan lokacin yakan soma cikin zafin bazara, ya ƙare ruwa ya fara sauka mutane sun koma gona. Wanda bai samu karɓa ranar Ista ba, yana da sauran Lahadi bakwai a gabansa. Wasu ƙasashen ma an faɗaɗa musu. A Amurka, daga Lahadin farko ta azumi ake ƙirgawa har zuwa Lahadin Triniti Mai Tsarki, mako guda bayan Fentikos. In bishop ɗinku ya sanar da wani tsari na dayosis, wato yankin da yake shugabanta, shi za a bi.

Dokar ta daɗe. A shekarar 1215 Fafaroma Innocent na Uku ya tara bishop-bishop a Roma, a babban taron Lateran na huɗu, kuma a nan aka kafa ta ga Coci baki ɗaya. Abin da ya jawo ta shi ne mutanen wancan zamani sun kai matsayin da suke zuwa Misa su kalli gurasar da aka tsarkake daga nesa, su koma gida, shekara da shekaru ba su matso sun karɓa ba. Wasu tsoro ne, suna ganin ba su cancanta ba. Wasu kuma sakaci ne kawai. Taron ya tsaurara sosai, har ya ce wanda ya ƙi, a hana shi shiga coci yana raye, in ya mutu kuma a hana shi jana'izar Kirista. Wannan hukuncin babu shi a kundin 1983. Haka nan a da sai wajen firist ɗin yankinka za ka yi ikirarin shekara, amma yanzu doka ta 991 ta ba kowa damar zaɓar firist ɗin da ya ga dama, muddin yana da izinin jin ikirari. Wanda yake jin nauyin Fadansu don sun saba, ko don ɗan garinsu ne, sai ya hau mota ya je wani cocin, babu laifi.

Akwai inda mutane ke ruɗewa game da ikirari. Doka ta 989 ba ta ɗaure shi da lokacin Ista ba, sau ɗaya a shekara kawai ta ce. Abin da ya haɗa su shi ne doka ta 916: wanda ya san yana ɗauke da babban zunubi, kada ya karɓi Jikin Ubangiji sai ya yi ikirari tukuna. Ka ga ke nan in mutum zai cika wajibin karɓa cikin kwanakin Ista, kuma ya san akwai abu a wuyansa, dole ya fara bi ta wajen Fada. Shi ya sa ake ganin dogon layi ranar Asabar ɗin makonnin ƙarshe na azumi, Fada na zaune a kujerar roba ƙarƙashin bishiyar darbejiya, mutane sun ja nesa da shi don kada a ji, kowa na jiran a kai kansa.

Babban zunubi, in ji Katekizim, littafin koyarwar Cocin Katolika, sai abu uku sun haɗu: abin da aka aikata mai nauyi ne, mutum ya san haka sarai, kuma da yardarsa ya yi. Doka ta 988 ta ce irin waɗannan a faɗe su da irinsu da adadinsu gwargwadon abin da mutum ya tuna. Ƙananan zunubai kuwa doka ba ta tilasta ba, shawara ta bayar cewa a riƙa faɗin su. Ni dai ban taɓa ganin hikimar mutum ya zauna yana lissafin cewa bana bai yi babba ba don haka ba sai ya je ba. Zuciya ta iya yi wa mai ita sassauci. Masu tsoron kada maganarsu ta fita kuma, doka ta 983 ta haramta wa firist tona abin da ya ji a ikirari ta kowace hanya, kan kowane dalili, kuma wanda ya tona kai tsaye ya fitar da kansa daga tarayyar Coci nan take.

Sai batun azumin kafin karɓa, wanda ya shafi kowace Misa. Doka ta 919 ta ce a ƙaurace wa ci da sha na aƙalla awa ɗaya kafin karɓa, ban da ruwa da magani. Awar nan daga lokacin karɓa ake ƙirga ta baya, ba daga fara Misa ba. Uwar da ta kurɓi koko da ƙarfe bakwai saura ta kama hanyar Misar ƙarfe bakwai, da wuya a kai ga rabon Tarayya kafin awa ta cika, balle in Zumuntar Mata na da waƙar baiko. Amma goron da dattijo ya jefa baki ana tsakiyar wa'azi, wannan ba ruwa ba ne, ba magani ba. Tsofaffi da marasa lafiya da masu jinyarsu an ɗauke musu. Kakanninmu sun sha wuyar wannan fiye da mu: a da tun tsakar dare ake kame baki, sai a 1957 Fafaroma Pius na 12 ya mayar da shi awa uku, a 1964 kuma Fafaroma Paul na Shida ya rage zuwa ɗaya.

Mene ne dalili mai kyau da zai sa a ɗage wajibin zuwa wani lokaci? Dokar ba ta jera ba, ta bar wa hankali. Rashin lafiya, tafiya, zaman kurkuku, rashin tsaro a hanya, ko rashin firist. Wannan na ƙarshen mu muka fi kowa saninsa. Akwai cocin ƙauye da Fada ba ya samun zuwa sai bayan makonni, katekist ne ke riƙe da jama'a da karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a. A Nijar, dayosis ɗin Maraɗi shi kaɗai ya haɗa jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas da Diffa. Wanda Fada bai iso ƙauyensu ba har Fentikos ta wuce bai karya doka ba, sai ya karɓa ranar da aka zo. Mai kwance a gida kuma, hakkin 'yan'uwansa ne su sanar da Fada a kawo masa. Sau da yawa nan ne ake sakaci, a bar tsohuwa a ɗaki shekara guda ana cewa ai ba ta iya fita.

Maganar kuɗi fa? Gaskiya ne doka ta 222 ta ce masu bi su taimaka wa Coci da bukatunta, kuma wannan wajibi ne mai zaman kansa. Amma doka ta 848 ta ce kada a hana mabukata sakramenti, irin su baftisma da ikirari da Tarayya, saboda talauci, ta 912 kuma ta ce duk wanda aka yi wa baftisma, wanda doka ba ta hana shi ba, a bar shi ya karɓa. Saboda haka wanda katinsa na biyan kuɗin coci bai cika ba don babu, kada kunya ta zaunar da shi a benci. Mu da ke kwamitocin coci ya kamata mu kula da yadda muke sanarwa, kada mu haɗa abin da doka ta raba.

Waɗanda abin ya fi yi wa ciwo su ne masu zaman auren da ba a ɗaura a coci ba. An yi na gargajiya, an haifi 'ya'ya, ana ta cewa sai an tara kuɗin biki, shekara goma ta wuce ba a karɓar Tarayya. Abin da doka ta 1108 ta nema shi ne firist ko dikon (mataimakin firist) mai izini da shaidu biyu. Ba ta ambaci farar riga ba, ba ta ambaci shinkafa da lemo ba. In babu wani abin da ya hana auren, ana iya gyara shi bayan an yi shirin da Fada zai tsara. Inda akwai tsohon aure a baya ko mace fiye da ɗaya, lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, sai an zauna da Fada an duba shi ɗaya bayan ɗaya. Ko da yaya ne, wajibin zuwa Misar Lahadi na doka ta 1247 yana nan a kansu, kuma ƙofar coci a buɗe take gare su.

Duk wannan fa mafi ƙanƙantar abin da ake nema ne. Katekizim ɗin da kansa ya ce dokokin Coci an sa su ne don tabbatar da ɗan abin da ba a iya yi ba tare da shi ba. Kamar a ce wa ɗa ya je gaida mahaifiyarsa aƙalla sau ɗaya a shekara: wanda sai an kafa masa wannan dokar, ai an san akwai abin da ya riga ya lalace. Tun 1905 Fafaroma Pius na Goma ya ƙarfafa karɓa akai-akai, har kullum ga mai iyawa, a 1910 kuma ya ce a fara ba yara tun suna wajen shekara bakwai. Kundin 1983 ma, a doka ta 917, ya yarda mutum ya karɓa karo na biyu a yini ɗaya, muddin cikin Misar da ya halarta ne.

Akwai kuma wata doka da ba a cika karanta mana ba, ta 210. Ta ce dukan masu bi, kowa gwargwadon matsayinsa, wajibi ne su yi ƙoƙarin yin rayuwar tsarki. Tushenta koyarwar taron Vatican na Biyu ce ta 1964, cewa kiran tsarki na kowa ne, ba na Fada da sista kaɗai ba, kuma Fafaroma Francis ya sake nanata wannan a wasiƙarsa ta 2018 kan tsarki a duniyar yau. Kalmar "gwargwadon matsayinsa" ita ce ta saukar da maganar cikin gida da kasuwa. Mai sayar da hatsi ya cika mudu. Ma'aikacin gwamnati ya sa hannu a takardar mutum ba tare da jiran na goro ba. Wanda ya yi ikirari cewa ya ci kuɗin wani, gafarar da ya samu ba ta goge bashin ba, sai ya mayar. Matar da ta shekara ba ta magana da facalarta, ta karɓi Tarayya ranar Ista a benci ɗaya da ita, ta cika doka ta 920, amma ta 210 na nan tana jiranta a tsakar gida.

Lokacin Ista lokacin murna ne, kuma doka ta san da haka. Kwana takwas na farko duk manyan bukukuwa ne, don haka ƙaurace wa nama na ranar Juma'a ba ya aiki a Juma'ar makon Ista, tunda doka ta 1251 ta cire Juma'ar da ta faɗo kan babban biki. Sauran Juma'o'in kuwa suna nan a matsayin ranakun tuba, bisa tsarin da taron bishop-bishop na ƙasa ya ajiye. Lahadi ta biyu ita ce ta Jinƙan Allah, wadda John Paul na Biyu ya kafa a shekarar 2000, kuma coci-coci da dama kan ƙara lokacin ikirari a kusa da ita, ga wanda layin ƙarshen azumi ya fi ƙarfinsa. A kwana na 40 sai bikin hawan Yesu zuwa sama, wanda doka ta 1246 ta sa cikin ranakun da zuwa Misa ya wajaba. Ranar Alhamis yake faɗowa, ko da yake a wasu ƙasashen an mayar da shi Lahadi, don haka ma'aikata da 'yan makaranta su saurari sanarwar cocinsu tun mako guda kafin nan, su san ko akwai Misar asuba ko ta yamma.